Na fita takaba, amma yanzu ne rasuwarsa take cina

Maman Yara, Anguwan Rogo:

Assalamu alaikum jama'a. Ina roƙon waɗanda suka taɓa rasa miji ko mata su ba ni amsa tsakani da Allah. Akwai wadda ciwonta ya ƙaru bayan ta fita takaba, ko kuwa ni ce imanina ya yi rauni?

Maigidana ya rasu a daminar da ta wuce, hatsarin mota a Hawan Kibo. Dillalin kayan gwari ne a kasuwar Farin Gada da ke Jos, yana haɗa tumatir da kabeji da karas yana tura wa 'yan kasuwa a kudu. Bai cika bin kaya ba, ranar ce kawai ya ce zai bi motar saboda wasu kuɗinsa da suka maƙale a hannun wani. Ya yi sallar asuba, ya sha shayi a tsaye, ya fita. Kafin magariba an sallace shi an kai shi maƙabartar titin Zariya. Yara huɗu ya bar mini, babban yana aji ɗaya na babbar sakandare, 'yar autar shekararta 4.

Duk tsawon takabar nan wallahi na zaci ni jaruma ce. Gida cike da mutane. Innata ta taso daga Bauci ta tare a wurina, maƙwabta ba su bari na ɗora tukunya ba sai da aka yi arba'in, matan Islamiyyarmu kuma ba sa ɗauke ƙafa. Har nuna ni ake yi ana cewa ga mai tawakkali, ko hawaye ba ta cika yi ba. Da wata huɗu da kwana goma suka cika aka yi mini kitso da lalle, yayyena suka kawo sabuwar atamfa, aka soya masa aka raba sadaka. Washegari Inna ta hau mota, kowa ya kama gabansa. To daga ranar nan ne na san an yi mini mutuwa.

Ba na barci sai gefin asuba. Cikin sanyin nan na Disamba da Janairu rigar sanyinsa nake sawa, wadda ban bari an wanke ba. In aka taɓa ƙyauren gida bayan isha'i sai gabana ya faɗi, alhali na san ba shi ba ne. Wayarsa tana hannuna. Daga aljihunsa aka ciro ta, fuskar ta tsage amma tana aiki, kuma kullum sai na sa mata caji. Makon jiya wani ya kira daga Fatakwal, ko sallama bai gama ba ya ce, "Alhaji, nawa kwando yau?" Sai da na faɗa da bakina cewa Alhaji ya rasu. Mutumin ya yi ta salati, ni kuwa na wuni ko tsintsiya ban iya ɗagawa ba. Akwai saƙon muryarsa na ƙarshe a WhatsApp, ba wata doguwar magana ba ce, cewa ya yi in tuna wa yaro ya kai tukunyar gas a cika. Shi nake saurare in dare ya raba.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, uwar mijina ta same ni ina kuka ta ce in daina, wai wuta nake ƙara masa a kabari. Tun daga nan in kuka ya zo sai in shige banɗaki in toshe baki, in fito ina jin tsoron na cutar da shi. Ga ƙaninsa ya fara zancen a sayar da gidan a raba, ga ƙishin-ƙishin da nake ji wai shi zai aure ni saboda yara. Ni ko sunan aure ba na son ji. Don Allah ku faɗa mini, kukan nan laifi ne? Kuma yaushe mutum yake dawowa daidai?

Hajiya ta Gangare:

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan maigidanki, ya sa ya huta, ya raya abin da ya bari. Jikata ce take karanta mini saƙonki, sai da na ce ta dakata in share ido. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Nawa mijin a rikicin Jos na Nuwamban 2008 ya tafi. Ya fita duba shago bai dawo ba, sai a babban masallacin Juma'a, inda aka tara gawawwaki, ƙannensa suka gane shi da wani tabo da ke ƙafarsa. Ga dokar hana fita, ko 'yan gaisuwa ba su samu zuwa yadda ya kamata ba. Takabar nan ban san yadda na yi ta ba, in an ba ni abinci in ci, in an ce kwanta in kwanta. Sai a babbar sallar shekarar da ta biyo baya, na leƙa na ga magidanta suna kayar da raguna a ƙofar gidajensu, tamu ƙofar ba kowa. A nan abin ya auko mini gaba ɗaya.

Ba imaninki ne ya yi rauni ba. Kin san in wuƙa ta yanke ki kina yanka albasa, jini kike fara gani, zafin sai daga baya. Mutanenmu ne dai da sun ga lalle a hannunki shi ke nan sun sallame ki, suna ganin kin warke.

Ba zan yanka miki ranar dawowa daidai ba, don ni kaina ban koma matar da nake a da ba. Amma nauyin yana raguwa, wannan na rantse miki. Abin da ya taimake ni sana'a ce. Na koma suyar masa da safe, dole in jiƙa shinkafa, in kai niƙa, in tashi tun duhu in hura wuta. Hannu yana aiki, kuma in mai saye ya gaishe ki dole ki amsa. Sai wata aminiyata guda ɗaya da ba ta taɓa ce mini "bar zancen nan" ba. A wurinta nake kiran sunansa, in ba ta labarin faɗanmu da shirinmu, wata rana har mu yi dariya. Ki nemi irinta ko mutum ɗaya ce.

Muryar nan kuma ki sa yaronki ya kwafe ta a wata wayar yau ɗin nan, kada wayar ta mutu da ita. Ni ba ni da muryar nawa ko ta daƙiƙa ɗaya, kuma 'yar da ya bar mini a goye ta sha tambayata yadda muryar babanta take.

Malamin Islamiyya, Rikkos:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya gafarta masa, ya ba ki ladan haƙuri, malama.

Maganar surukarki tana da asali, sai dai an ajiye ta ba a mazauninta ba. Akwai hadisi a Bukhari da Muslim cewa ana yi wa mamaci azaba saboda kukan iyalansa. Malamai sun fassara shi da kukan ƙin ƙaddara, irin na kururuwa da marin fuska da yaga tufafi, musamman in mamacin ne ya yi wasiyya da hakan, ko ya san ɗabi'ar gidansa ce bai hana ba. Da aka kai wa Nana A'isha maganar, ta kafa hujja da ayar da ke cewa wani rai ba ya ɗaukar laifin wani. Hawaye kuwa, Annabi (SAW) da kansa ya zubar ranar da ɗansa Ibrahim yake cikawa, ya ce ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Da ya je duba Sa'adu ɗan Ubada ba shi da lafiya ya yi kuka, sahabbai suka yi kuka, sai ya ce musu Allah ba ya azabtarwa saboda hawayen ido ko baƙin cikin zuciya, sai dai saboda wannan, ya nuna harshensa.

Saboda haka ki daina ɓuya a banɗaki. Wuri ne da ba a ambaton Allah a cikinsa, ke kuwa a lokacin nan ne kika fi buƙatar ambatonsa. Ki yi kukanki a kan darduma, ki bi shi da yi wa mijinki addu'a. Ki riƙe wadda Ummu Salama ta yi bayan rasuwar Abu Salama: Allahumma'jurni fi musibati wa akhlif li khairan minha.

Wata huɗu da kwana goma da ke aya ta 234 ta Suratul Baƙara iyaka ce ta zaman gidan miji da barin ado da haramcin ɗaura aure. Ba a yanka wa kewa lokaci ba. Nana Khadija a Makka ta rasu kafin hijira, amma shekaru bayan haka a Madina Annabi yakan yi yanka ya aika wa ƙawayenta nama. Akwai kuma wani abu da ya yi daidai da halin da kike ciki. Nana A'isha, in an yi rasuwa a danginta, sai bayan mata sun watse, saura 'yan gida da na jiki, sannan take sa a dama talbina, wani kunu na garin sha'ir da akan zuba wa madara ko zuma, ta ce su sha don ta ji Annabi yana cewa yana kwantar da zuciyar mara lafiya, yana rage baƙin ciki. Ashe tun a wancan zamani an san lokacin da jama'a suka watse shi ne lokacin kula.

Batun aure, ba wanda yake da ikon aurar da ke ba da yardarki ba. Aya ta 19 ta Suratun Nisa'i ta hana a gaji mata a kan tilas. In kin so ƙanin nasa halal ne, in ba ki so ba babu laifi a kanki. Gado kuma, bayan an biya bashi an zartar da wasiyya, ke kina da tumuni, wato ɗaya cikin takwas. Mahaifiyarsa tana da sudusi, ɗaya cikin shida, haka mahaifinsa in yana raye. Sauran na 'ya'yansa ne, namiji rabon mata biyu. Tunda ya bar ɗa namiji, ƙaninsa ba shi da ko kwabo a ciki, balle ya ce a sayar da gida. Ana iya yi wa gidan kuɗi a fitar wa tsohuwa haƙƙinta, ku ci gaba da zamanku. Kada ki sa hannu a kowace takarda sai gaban alƙali ko malamin da ya san ilimin gado, da shaidu. Rigar sanyin ma cikin gado take, ranar rabo ki ce a lissafa miki ita cikin naki.

Magidanci, titin Bauci:

Allah ya ba ki haƙuri 'yar uwa. Ni uwargidana ce ta rasu wajen haihuwa, ita da abin da ke cikinta. Mu maza ba mu da takaba, kwana uku na zaman makoki ana tashi sai shago. Ba a yi sadakar bakwai ba abokai suka fara nuna mini 'yan mata da zawarawa, wai namiji ba ya zama haka. Kowa yana ganin na daure. Ba wanda ya san nakan rufe shagona a kasuwar Taminus da azahar in shige bayan kaya in yi kuka mai isata, in wanke fuska in buɗe. Ranar da na tsaya ina ƙoƙarin yi wa 'yata tsifar kai ranar Lahadi da dare, tana kuka ina kuka, ita ce ranar da ba na mantawa. Na yi aure daga baya, lokacin da ni na ga dama, kuma matata ta san ina zuwa ziyarar kabarin, ba ta taɓa nuna damuwa ba.

Abin da nake so in ja hankalinki a kai shi ne takardu, don baƙin ciki yakan sa a bar su har su zama matsala. Ki nemi takardar shaidar mutuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. In yana da kuɗi a banki, sunan da ya rubuta a fom a matsayin na kusa da shi ba ya sa a miƙa wa mutum kuɗin kai tsaye, yawanci sai an kawo takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga babbar kotu. Layin wayarsa kuma kada ki bari ya daɗe ba a amfani da shi, kamfani yakan karɓe layi ya sayar wa wani, alhali a nan saƙonnin banki suke shigowa. Tunda dillali ne, tabbas yana bin mutane bashi, wasu ma suna binsa. Ki nemo littafin da yake rubutawa, ki sa wani yayanki ya kai wa shugabannin kasuwar, su suka san wa da wa.

Mama daga Bukur:

Sannu ƙanwata, Ubangiji ya ta'azantar da ke. Ni Kirista ce, mijina ya rasu bayan doguwar jinya, kuma abin da kika faɗa haka na same shi. Matan zumunta sun yi ta zuwa suna waƙa da addu'a har wata guda, daga nan ƙafa ta ɗauke. Kirsimetin farko ban iya buɗe ƙofa ba. A wurinmu ma akwai masu cewa kuka rashin bangaskiya ne, sai in tuna musu Yesu ma ya yi kuka a kabarin Li'azaru.

Babban ɗanki nake tunani. Na tabbata tun ranar jana'iza ake dafa kafaɗarsa ana ce masa kai ne uban gida yanzu. Haka aka yi wa nawa yana shekara 15. Ya daina kuka, ya daina wasa, ya fara guje wa makaranta yana zuwa ɗaukar kaya a kasuwa don ya kawo mini kuɗi, ni ban sani ba sai da malaminsa ya zo gida. Ki zaunar da naki ki ce masa shi yaro ne da ya rasa uba, aikinsa karatu. Kuma kada ki ɓoye musu hawayenki duka. In sun ga kina ɓuya, su ma ɓuya za su yi, kowa ya shige lungunsa da nasa ciwon a gida ɗaya.

Ma'aikaciyar jinya:

Maman Yara, Allah ya jiƙansa. Rasuwar farat ɗaya irin ta hatsari takan sa mutum ya daskare da farko, ciwon ya fito daga baya, kuma yakan zo ya lafa ya sake dawowa. Wannan ba cuta ba ce. Amma rashin barcin nan kada ki raina shi. Ki je a auna jininki, mun sha ganin matan da hawan jini ya kama bayan rasuwar miji ba su sani ba. Don Allah kada ki sayi maganin barci a kemis da kanki, wasunsu suna kama jiki.

Akwai kuma inda baƙin ciki yake wuce misali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa irinsa cikin kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022: a wuce wata shida mutum yana nan inda yake, kewa ta hana shi kula da kansa da yaransa da sana'arsa. In kin ga kina ramewa, ko kin kasa yi wa yara abin da kika saba, ko zuciyarki ta fara raya miki gara ki bi shi, kada ki jira, ki gaya wa wani na jikinki ranar, ku je asibiti. Asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, wato JUTH, da ke Lamingo yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma ba mahaukata kaɗai ke zuwa ba kamar yadda ake ɗauka. Ganin likita bai hana addu'a ba.

Maman Yara, Anguwan Rogo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri, ya jiƙan naku da suka rigaye mu. Malam, jiya a kan darduma na yi kukana, kuma na samu barci fiye da yadda na saba. Hajiya, an kwafe muryar a wayata da ta yayata. Littafin bashin yana cikin jakarsa, yayana zai kai Farin Gada ranar Asabar, kuma ya ce shi zai yi wa ƙanin mijina magana a kan gidan. Mama, maganarki ta tsorata ni, don kwanan nan yaron yana dawowa da 'yan kuɗi yana cewa abokinsa ne ya ba shi. Yau zan zauna da shi.

Saura abu ɗaya. 'Yar autata an ce mata Baba ya yi tafiya Legas, tun ranar farko kakarta ta faɗa mata haka, kowa ya bi. Kullum tana tambaya yaushe zai dawo, har ta ware masa biskit. Yaya zan yi da ita?

Hajiya ta Gangare:

Ki faɗa mata gaskiya 'yata, kuma ke za ki faɗa da bakinki kafin ta ji a wurin yaran unguwa. Ki fara sanar da kakar tata cikin ladabi don kada ta ji kin ƙaryata ta. Ki zaɓi safiya, ba lokacin kwanciya ba, ki ɗora ta a cinya ki ce Baba ya rasu, ya koma wurin Allah, ba zai dawo gidan nan ba, kuma ba laifin kowa ba ne. Kada ki ce barci yake yi, sai ta tsorata da barci. Ƙila ta sauka ta ci gaba da wasanta kamar ba ta ji ba, gobe ta sake tambaya, jibi ma haka. Duk ranar da ta tambaya ki ba ta amsa iri ɗaya, ki gaya wa yayyenta su ma haka za su riƙa faɗa. Za ta tambaye ki ko ke ma za ki tafi, ki ce mata kina nan tare da ita, ki kirga mata su Inna da kawunnanta da ke kula da ku. Ki koya mata "Allah ya jiƙan Baba" ta riƙa faɗa bayan kun yi sallah, kuma ki sanar da malamarta ta makaranta don ta sa mata ido a makonnin nan.